Rabuwar Gandu da Tasowar Ƙaramin Iyali a Ƙasar Arewa

Masana zamantakewa suna kiran gidan da ya ƙunshi miji da mata da 'ya'yansu kaɗai da ƙaramin iyali, kuma a Jafan, inda ake ce masa kaku-kazoku, ya yaɗu ne bayan dokar 1947 ta rushe tsohon tsarin gida da ke bai wa magaji ɗaya iko da dukiya, sannan masana'antu suka ja matasa zuwa birane. A ƙasar Arewa kuwa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Dosso a Nijar, sauyin ta gona ya biyo.

Tushen zaman Arawa shi ne gandu, babbar gonar da uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suke nomawa tare, ana zuba hatsinta a rumbun da maigida ne kaɗai ke ba da izinin buɗe shi, kuma a wuyansa ciyarwa da haraji da auren fari na samari suke. Gefen gandun akwai gamana, ƙaramar gonar da ake yanka wa mace ko saurayi, wadda amfaninta nasu ne.

Harajin kuɗi da Faransawa suka ɗora ya fara koya wa samari cirani, farin 1973 da na 1984 suka bar rumbuna wayam, yawan jama'a a kwarin Dallol Mawri kuma ya sa gonar da uba ya bari, idan aka raba ta gado, ba ta kai kowane magaji ga wata kaka. Saurayin da ya tara sadakinsa da guminsa a Sakkwato ko Legas ba ya ganin dalilin jiran maigida, don haka yakan ja danga, ya gina rumbunsa, matarsa ta ɗora tata tukunya. Dokar filaye ta 1993, wadda ta kafa kwamitocin shaidar mallakar gona, ta ba wannan rabo takarda.

Sai dai raba tukunya bai yanke zumunci ba, domin babu fanshon da zai riƙe tsohon manomi, kuma matar ɗan cirani a hannun surukanta take zama har ya dawo. Shi ya sa a Matankari ko Tibiri ake samun rumbuna uku a gida ɗaya, amma ranar suna ko rashin lafiya duka ake buɗewa.