Jami'ar cikin kwamfuta: shin ta cancanci jika 26?

Kamar yadda 'yan kasuwa suka sani, akwai hajar da ake sayarwa da arha don a jawo mai saye, sai ya shigo sannan a nuna masa mai tsadar. To, irin wannan dabara ce ta shigo wasannin kwamfuta, kuma tunda yaran Yekuwa da Magariya da Dungas da ke karatu a Damagaram da Yamai da Kano suna ganin waɗannan wasanni a hannun abokansu, ya kamata iyaye su san abin da ake roƙonsu kuɗinsa tun kafin a zo musu da maganar.

Wasan da muke magana a kansa shi ne The Sims, na kamfanin Electronic Arts da ke Amurka, wanda ya fara fitowa a shekarar 2000. A cikinsa mutum yakan ƙirƙiri ɗan'adam na hoto, ya gina masa gida, ya ciyar da shi, ya nema masa aiki, har ya yi masa aure. Kashi na huɗu ya fito a 2014, kuma daga Oktoban 2022 kamfanin ya mayar da shi kyauta. Sai dai kyautar ta uwar wasan ce kawai, abubuwan da ake ƙarawa a kai kuwa sai da kuɗi. Ɗaya daga ciki shi ne ƙarin jami'a mai suna Discover University, wanda aka fitar a Nuwamban 2019 a kan kusan Yuro 40, wato kimanin jika 26 na Sefa. Ba kuma sabuwar haja ba ce, domin an sayar da irinsa ga kashi na biyu a 2005, aka sake sayar da wani ga kashi na uku a 2013.

To me mai saye zai samu? Zai samu jami'o'i biyu na ƙage, Britechester da Foxbury. Ɗan'adam ɗin nasa zai nemi gurbi, ya nemi tallafin karatu ko ya ci bashi, ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, ya hau keke zuwa aji, ya rubuta jarrabawa. Idan ya yi wasa da karatu ya faɗi, idan ya dage ya gama ya samu aiki mai albashi mai tsoka, kamar koyarwa ko lauya ko injiniya. A gaskiya akwai darasi a nan, domin yaro zai ga cewa bashi sai an biya, kuma mai kwana ba ya cin jarrabawa. Haka nan zai ɗan tsinci Faransanci ko Turanci, tunda babu Hausa a wasan.

Amma fa mu duba ɗaya gefen. Na farko, wannan ƙari ba ya aiki a wayar hannu, sai a kwamfuta ko akwatin wasa irin su PlayStation da Xbox. Saboda haka duk wanda ya ce zai zuba wa ɗanki shi a waya a bakin kasuwa, to ba shi ba ne, a riƙe kuɗi. Na biyu, jika 26 ba ita ce ƙarshen kashe kuɗi ba, akwai kuɗin intanet na sauke shi, ga wuta ko cajin kwamfuta, ga kuma katin banki da ake biya da shi, wanda ba kowace mai sana'a ke da shi ba. Na uku, rayuwar jami'ar da ke ciki ta Turawa ce, da shagulgulan dare da soyayya da cakuɗuwar maza da mata, shi ya sa ma a Turai aka ƙayyade wasan ga 'yan shekara 12 zuwa sama.

Abin da ya fi damun mu shi ne sauƙin da wasan ke nunawa. A can ana iya gama digiri cikin mako uku na kwanakin wasa, aiki kuma na jiran mutum a ƙofa. A jami'ar Damagaram kuwa, wadda aka kafa a 2010, take kuma ɗauke da sunan André Salifou yanzu, sai ɗalibi ya ci BAC, ya yi aƙalla shekara uku kafin ya samu lisans, sannan ya shiga neman aiki. Cikin waɗannan shekaru uwa ce ke sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, uba ya kai akuya kasuwar Maigatari ranar Alhamis, don a aika da kuɗin mota da na takardu da na abinci. Kowace mai sana'a ta san kwano nawa na gero za ta auna kafin ribarta ta kai jika 26.

Shawararmu ita ce, idan yaro yana da kwamfuta, ya fara da uwar wasan tunda kyauta ce, a ga ko zai iya haɗa wasa da karatu ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba. Idan ya nace sai ƙarin, to ya tara da guminsa lokacin hutu, ya kuma jira lokacin rangwame, domin kamfanin yakan karya farashi, wani lokaci har rabi. Amma a ce uwa ta taɓa jarinta ko ta ɗauki adashinta don jami'ar hoto alhali ga kuɗin rajistar ta gaske na tafe, wannan kam ciniki ne na asara. Hausawa sun ce da hanau gara mannau, mu fara da wadda za ta ba yaro takardar da zai riƙe a hannu. Allah Ya yi wa zuriyarmu albarka, Ya sa wa kasuwa albarka.