Haƙori, mafitsara da zafin bazara: Abubuwan da ke tayar wa masu cutar MS da tsohon ciwo

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40 a Bauchi, mai cutar MS da ke zaune a unguwa irin Tirwun yana iya wayar gari ƙafarsa ta ƙi ɗaukarsa, ko idonsa ɗaya ya rufe da hazo. Galibi ɗan'uwan da ke aiki a Abuja ake fara kira, domin shi ne mai aiko da kuɗin magani. Wani zai ce masa shanyewar ɓarin jiki ce, wani ya ce iska ce ko sammu. Da wuya a sami wanda zai tambaya ko mara lafiyar na fama da ciwon haƙori ko zafin fitsari, alhali sau da yawa a nan bakin zaren yake.

MS taƙaitawa ce ta sunan maltiful sikilerosis, cutar da likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya fayyace a 1868. A cikinta garkuwar jiki ce ke juyawa ta afka wa mayelin, wato rigar da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka da na gani, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Inda rigar ta zaizaye, saƙo kan yi jinkiri ko ya katse. Ƙididdigar ƙungiyar masu cutar ta duniya a 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita. Mata sun ninka maza, kuma an fi gano ta tsakanin shekara 20 da 40, daidai lokacin da mutum ke tsakiyar aiki da renon 'ya'ya. An daɗe ana ɗaukar ta cutar Turawa, amma tabbatar da ita na buƙatar hoton MRI da likitan jijiyoyi, biyun kuwa ba su wadata a Arewa ba.

Likitoci na rarrabe abu biyu da a idon iyali duk ɗaya ne. Akwai tashin cutar na ainihi: sabon kumburi a jijiya, da alamun da suka wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ko wata ƙwayar cuta a jiki ba. Akwai kuma tashin da ba na ainihi ba, inda babu sabuwar ɓarna, tsohon tabo ne kawai ya motsa. Jijiyar da ta rasa rigarta ba ta jure ɗumi. Ƙaruwar zafin jiki ko da rabin digiri na iya hana ta isar da saƙo. Likitan ido ɗan Jamus Wilhelm Uhthoff ne ya bayyana haka a 1890, bayan ya ga marasa lafiyar da ganinsu ke dusashewa idan sun motsa jiki. Da jiki ya huce, ko aka kashe ƙwayar cutar, alamun kan lafa.

Bambancin ba na ilimi kawai ba ne. Tashin ainihi mai tsanani ana yi masa maganin sitiroyid mai ƙarfi na kwana uku zuwa biyar. Shi kuma sitiroyid danne garkuwar jiki yake yi, don haka idan aka ɗura shi ga wanda ƙurji ne a gindin haƙorinsa ko ƙwayar cuta a mafitsararsa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin takaici, irin waɗannan ƙwayoyi ana samun su a kemis ba tare da takardar likita ba.

Ciwon mafitsara ne kan gaba wajen wannan rikitarwa, saboda cutar kan hana mafitsara juye fitsari gaba ɗaya, ragowar kuma ta zama gidan ƙwayoyin cuta. A Bauchi sai a ƙara da zazzaɓin cizon sauro a damina da mura a hunturu. Bincike ya nuna mura da makamantanta na iya jawo har tashin ainihi a makonnin da suka biyo baya.

Haƙori kuwa shi aka fi mantawa. Hannun da ke rawa ko ya yi sanyi ba ya riƙe buroshi ko asuwaki yadda ya kamata, gajiyar cutar kuma kan sa a kwanta ba a wanke baki ba. Wasu magungunan mafitsara da na raɗaɗin jijiya, irin su oxybutynin da amitriptyline, na busar da yawu, yawu kuwa shi ke wanke haƙora dare da rana. Sai kogo ya samu, dasashi ya kumbura, mugunya ta taru, zazzaɓi ya biyo baya, ƙafa ta sake mutuwa. Wanda ke shan maganin danne garkuwa kuma ƙurjin ya fi saurin yi masa nisa.

Akwai kuma tarko ta ɗaya ɓangaren. MS na iya taɓa jijiyar da ke kai ji ga fuska, ta haifar da raɗaɗi mai kama da fizgar lantarki a muƙamuƙi, wanda tauna ko alwala da ruwan sanyi ke tayarwa. Mai shi zai rantse haƙori ne. Idan ya je wurin masu cire haƙori a kasuwa, za a cire masa lafiyayye, ciwon ya ci gaba, a sake cire na kusa da shi. Wannan ciwo maganin jijiya yake ji, irin su carbamazepine, shi ya sa ya dace likitan haƙori ya ɗauki hoto kuma a faɗa masa akwai MS kafin ya taɓa komai. Batun cewa cikon haƙori mai ruwan azurfa na haddasa cutar kuwa, bincike bai tabbatar da shi ba.

Ga mazaunin Tirwun, mataki na farko ba tafiya mai nisa ba ce. Gwajin zafin jiki, na fitsari da na maleriya, sai duba baki. Idan an sami ƙwayar cuta a fara da ita, a sanyaya jiki da ruwa da inuwa, a jira a gani. Idan babu, ko alamun sababbi ne kuma sun kwana sun yini, sai a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke cikin gari. Shanyewar da ta zo farat ɗaya da karkacewar baki ko sarƙewar harshe ba ta jira ko awa ɗaya, domin tana iya zama bugun jini.

A nan ne ma'aikatan da ke kusa da masu tsara manufofi ke da abin faɗa. A Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka magungunan MS uku a jerin muhimman magungunanta a karon farko: rituximab, cladribine da glatiramer. Sanya su a jeri a Janeba daban, isar su kantin maganin asibiti a Bauchi kan farashin da albashi zai ɗauka daban. Dokar hukumar inshorar lafiya ta NHIA ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman kuma an sa mata hannu a Janairun 2019. Sai dai mai MS kan zo ofis yau garau, gobe ya kasa hawa bene, shugaban sashen da bai san cutar ba kuma ya rubuta masa takardar tuhuma kan lalaci. Ofis a ƙasan bene, fanka mai aiki, banɗaki a kusa da izinin ganin likitan haƙori sau biyu a shekara ba sa buƙatar sabon kasafi, sa hannun darakta kawai suke jira.