Wanda Ya Ba Da Muryarsa Yana Da Haƙƙi

Na gaji da jin wata magana a bakin masu shirya tattara muryoyi don koya wa kwamfuta Hausa, wai tunda aikin sa kai ne, wanda ya ba da muryarsa ba ya bin kowa komai. A tara matasa a ɗaki, su wuni suna karatu a waya, a ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Bayan wata guda kuma a dawo ana ƙorafin Hausawa ba su da kishin harshensu.

Aikin kansa ba wuya. A shafin Common Voice, da Mozilla ta buɗe a 2017, kana karanta jimla ana naɗa, sai masu saurare biyu sun amince kafin a karɓa. Abin da aka tara kuwa kowa na iya kwasa kyauta, har kamfanin da zai nemi kuɗi da shi.

To, shi mai muryar kyauta ya samu? Data ya saya, caji ya biya, kasuwarsa ya bari. Ko gayya ce, mai gona yakan dama fura, ya kira makaɗi ya wasa gwanaye, kuma ran da tasu ta zo shi ma zai ɗauki fartanya. A dubi Ruwanda. Masu jin Kinyarwanda ba su kai rabin masu jin Hausa ba, amma muryoyinsu a Common Voice sun haura awa 1,000, sun yi mana nisa. Ai ba kishi kaɗai ya kai su can ba: kamfanin Digital Umuganda ne ya tsara aikin, hukumar GIZ ta Jamus ta sa kuɗi. Ƙungiyar Masakhane ta masu binciken harsunan Afirka ma, da ta fitar da bincikenta a 2020, jera sunayen gomman mahalarta ta yi a matsayin marubuta.



Saboda haka, mai shirya aiki, sa kuɗin data da na mota a kasafi tun farko, kada ya zama alfarma. Faɗa wa mutane gaskiya kan wanda zai yi amfani da muryarsu. Wanda ya yarda a ambace shi a ambace shi, ɗalibi a ba shi takardar shaida da za ta amfane shi wajen neman aiki. Kada kyauta ta tsaya kan wanda ya fi yawan jimloli, don gaggawa za a yi ta yi, a cika rumbu da shirme. Masu sauraro su tantance, waɗanda ba a ganinsu a hoto, su ma a tuna da su. Mata a bi su a lokacin da ya dace da su, Basakkwace da Bazindire kuma kada a matsa musu sai sun yi Kananci. In an ƙera wani abu da muryoyin, a koma a kunna musu su ji.

Kai kuma da aka gayyata, tambayi inda muryarka za ta kafin ka danna.