MARAYUN BIRNIN GWARI DA DARASIN KWABO ASHIRIN

A cikin shekarar 1984, sa'ad da fari da yunwa suka auka wa ƙasashen Sudan da Habasha, wani likita mutumin Masar mai suna Dokta Hani El-Banna, wanda ke ƙarin ilmi a birnin Bamingham na ƙasar Ingila, ya tara abokan karatunsa, suka ƙulla shawarar kai gudummawa. Suka dinga bin masallatai da gidajen jama'a suna neman taimako. Kuɗin farko da ya shiga hannunsu kuwa kwabo 20 ne na kuɗin Ingila, wanda wani ƙaramin yaro ya miƙa. Daga wannan kwabo ashirin aka kafa ƙungiyar Islamic Relief. A 1986 ta fara shirinta na ɗaukar nauyin marayu, a 2005 kuma ta buɗe aiki a maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar.

Dalilin kawo wannan labari shi ne halin da yara ke ciki a ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna. Shekara da shekaru 'yan bindiga suka mai da dajin Kamuku da na Kuyambana mafakarsu, suna tare hanya, suna afka wa ƙauyuka, suna kashe magidanta a gonakinsu. A ƙauyen Gwaska kaɗai, cikin watan Mayu na 2018, an kashe mutum fiye da 40 a hari guda. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da waɗansu daga cikin masu ɗauke da makamai, aka kuma sake buɗe kasuwar shanu bayan ta yi shekaru a rufe. To, amma sulhu yana iya buɗe hanya da kasuwa, ba ya mayar wa yaro da ubansa. A Dogon Dawa, da Kuyello, da Randagi, da Damari, da sauran garuruwan masarautar, akwai yaran da ke tashi a hannun uwa ko kaka, babu mai noma musu, babu mai kai su makaranta.

Sau da yawa idan aka ta da zancen nan a majalisa, sai a ji wani ya ce ina ma Larabawa ko Turawa su zo su gina mana gidan marayu. Wannan fata ba laifi ba ne. Sai dai ya kamata mai yin sa ya fara sanin inda kuɗin waɗancan ƙungiyoyi ke fitowa, da kuma irin darasin da su kansu suka koya cikin aikin.

INDA KUƊIN KE FITOWA

Mutane da dama suna zaton wani hamshaƙin attajiri ne ke zaune a ƙetare yana zuba dukiya. Alhali kuwa babban ginshiƙin riƙon marayu a irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne talakawa masu albashi da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda kowanensu ya yi alkawarin biyan wani abu ƙayyadadde kowane wata. Akan haɗa mai bayarwa da maraya guda, a sanar da shi ƙasar yaron da shekarunsa, sa'an nan a riƙa aiko masa da rahoto a kan lafiyar yaron da karatunsa. Wannan rahoto shi ke riƙe zuciyar mai bayarwa, domin ya san sadakarsa ta sauka a kan wani ɗan Adam takamaimai.

Ban da masu biyan wata-wata, akwai masu ba da ƙarfinsu da lokacinsu. Tun 2003 ɗaliban Musulmi na jami'o'in birnin Landan suka ware mako guda a shekara domin marayu da yara mabukata. A cikin makon sukan ɗauki bokiti su tsaya bakin titi, su sayar da abinci, su shirya liyafa, duk abin da aka samu a miƙa. Daga baya abin ya bazu zuwa waɗansu ƙasashe. Bugu da ƙari, dokar Ingila ta tilasta wa manyan ƙungiyoyin agaji masu rajista su miƙa lissafin kuɗinsu kowace shekara ga hukumar da ke sa musu ido, kuma duk mai so yana iya dubawa.

Haka al'amarin yake a ƙasar Kuwait. Marigayi Dokta Abdurrahman Al-Sumait, wanda aka haifa a 1947 ya rasu a 2013, likita ne da ya ga halin da Musulmin Malawi ke ciki, ya kafa kwamiti a 1981. Kwamitin nan ne ya zama ƙungiyar Musulmin Afirka, wadda daga baya aka sake wa suna Direct Aid, tana kuma da cibiyoyi a ƙasashen Afirka da dama, har da Nijar. Bawan Allah nan bai tsaya ga aike ba, da ƙafarsa ya riƙa shiga ƙauyuka, har ya zauna a tsibirin Madagaska. An ba shi lambar Sarki Faisal ta hidima ga Musulunci a 1996.

Ke nan abu uku ne ke ɗauke da wannan aiki: ɗan abin da ba ya yankewa, da sanin wanda ake taimaka wa, da lissafi a fili. Babu ko ɗaya daga cikinsu da sai an haye teku kafin a same shi.

GINI KO RIƘO?

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Da masu bincike suka duba gidajen marayu na ƙasashe daban-daban, sai suka tarar mafi yawan yaran da ke ciki suna da mahaifi ko mahaifiya a raye. Ƙungiyar Save the Children ta bayyana a 2009 cewa aƙalla huɗu cikin kowane yara biyar haka suke, talauci ne ya raba su da gida. A waɗansu wuraren ma an sami marasa tsoron Allah da ke tattaro yara daga ƙauyuka, su ajiye su cikin tsumma, domin baƙi su gani su tausaya su ba da kuɗi. Abin ya yi tsanani har ƙasar Ostareliya, a 2018, ta lissafa wannan aika-aika cikin nau'o'in bautar da mutane a wannan zamani. A watan Disamba na 2019 kuma babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira ga ƙasashe su fifita riƙon yara cikin iyali a kan tara su a gidajen reno. Shirin Islamic Relief ma a kan haka yake tafiya, yawanci maraya yana nan wurin mahaifiyarsa ko danginsa, taimakon ne ke iske shi a gida.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ne. Mahaifinsa Abdullahi ya rasu tun ba a haife shi ba, mahaifiyarsa Amina ta rasu yana da shekara 6, kakansa Abdulmuɗallibi ya riƙe shi har ya kai shekara 8, sa'an nan baffansa Abu Ɗalibi ya karɓa. Daga hannun dangi zuwa hannun dangi ya tashi. Shi ne kuma ya yi wa mai riƙon maraya bushara da kusanci da shi a Aljanna, har ya kwatanta kusancin da yatsunsa biyu, kamar yadda Imamu Buhari ya ruwaito. Shari'a ta yarda a ɗauki yaro a ciyar da shi, a tufatar, a ilmantar, amma ta hana a sauya masa nasaba, kamar yadda hukunci ya sauka cikin Suratul Ahzabi game da Zaidu ɗan Harisa. Wannan riƙo shi malamai ke kira kafala, kuma yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambace shi da sunansa a sashe na 20.

Ba a ce gidan marayu ba shi da amfani ba. Akwai jaririn da aka tsinta, akwai yaron da aka ƙarar da danginsa, irin waɗannan dole a sama musu wurin kwana da mai reno. Amma yaron da uwarsa ke raye, abin da yake bukata shi ne hatsi a rumbun uwar, da kuɗin makaranta, da magani in ya yi ciwo. Kuɗin bulo da kwano da albashin mai gadi na gida guda, in aka raba shi ta wannan hanya, sai ya riƙe yara masu yawa a ɗakunan iyayensu mata.

ABIN DA MALAMAI SUKA FAƊA GAME DA KUƊIN

Masu tara gudummawa suna bukatar sanin hukunci uku a mazhabar Imamu Malik. Na farko, maraici shi kaɗai ba ya cikin kashi takwas na masu cin zakka da aka lissafa a Suratut Tauba. Maraya yana cin zakka ne idan faƙiri ne ko miskini. Wanda ya gaji dukiya kuwa, waliyyinsa ne ma zai fitar da zakka daga dukiyar in ta kai nisabi. Na biyu, zakka haƙƙi ce da ake mallaka wa mabukaci, saboda haka ba a yin gini da ita. Gini da rijiya da gonar marayu aikin sadaka ne da waƙafi, irin yadda Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara. Na uku, ana raba zakka a inda ta wajaba ko kusa da nan, ba a ɗauke ta zuwa nisan da ya kai na ƙasaru, watau mil 48, sai fa idan mutanen can sun fi tsananin bukata. Wannan togaciya ita ce ƙofar da zakkar Musulmin ƙetare ke biyowa ta iso Afirka. Ita ce kuma ke tuna wa manomin Birnin Gwari cewa buhu ɗaya cikin goma na masarar da ya noma da ruwan sama, in ta kai nisabi, mabukatan garinsa ne suka fi cancanta da shi.

Game da amana kuwa, Suratun Nisa'i ta yi wa masu cin dukiyar marayu da zalunci gargaɗi da wuta, ta kuma yi umurni da a kafa shaidu ran da za a miƙa wa maraya dukiyarsa. Idan har waliyyi, wanda yake ɗan'uwa na jini, an ce ya kafa shaidu, ina ga kwamitin da ke karɓar kuɗin jama'a da sunan marayu?

MISALI DAGA MAIDUGURI

Kada wani ya ce sai a ƙasashen masu arziki ake iya wannan. A 2007 wani lauya a Maiduguri, Barista Zannah Mustapha, ya buɗe makarantar Future Prowess da yara 36. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke, sai ya riƙa karɓar 'ya'yan waɗanda aka kashe daga kowane ɓangare, ɗan jami'in tsaro da ɗan mai tayar da ƙayar baya suna zaune a aji guda, ya kuma haɗa iyayensu mata cikin ƙungiyar sana'a. Bayan aikin ya kafu ne ƙungiyoyin ƙetare suka kawo nasu taimako. Amincin da ya samu wurin kowa ya sa ya shiga tsakani aka sako 'yan matan Chibok 21 a 2016, da 82 a 2017, a shekarar ce kuma Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Nansen.

A nan akwai magana mai nauyi ga mutanen Birnin Gwari. Marayun wannan fitina ba a cikin gari kaɗai suke ba. Akwai ɗan manomi, akwai ɗan ɗan sa-kai, akwai ɗan makiyayin da aka kashe a ruga ba da laifinsa ba, akwai ma ɗan wanda ya mutu da bindiga a hannu. Shari'a ba ta ɗora wa yaro laifin ubansa ba. Yaron da aka bari a daji babu karatu babu mai jan sa a jiki, wanda ya fara miƙa masa abinci shi zai bi, ko da kuwa mai miƙa masa bindiga ne. Idan aka ware waɗansu marayu aka bar waɗansu, lalle ana shuka abin da za a girba nan da shekara goma.

ABIN YI

Aikin ba ya bukatar jiran kowa. Kowane masallacin Juma'a ya kafa kwamiti da liman, da mai unguwa, da malamin makaranta, da mata biyu ko uku masu mutunci, domin su ne ke shiga gidaje su ga tukunyar da ba a ɗora ba. A rubuta sunan kowane maraya, da shekarunsa, da mai riƙonsa, da gonar da ubansa ya bari, don kada ta salwanta kafin ya balaga. A raba asusun zakka da na sadaka. Da kaka a karɓi hatsi, ran kasuwa a zaga da akwati, samari su yi gayya a gonakin matan da aka kashe wa mazaje. 'Ya'yan masarautar da ke aiki a Kaduna da Abuja da Ikko da ƙasashen waje, kowa ya ɗauki yaro guda, a riƙa aika masa da sakamakon jarrabawar yaron. Bayan kowane wata uku a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a. A kuma kiyaye mutuncin yaran, kada a jera su a rana ana ɗaukar hotonsu saboda buhun shinkafa.

Gudummawar da akan tara wa marayu a wuraren tafsiri cikin watan azumi abin yabo ce, sai dai maraya yana cin abinci a sauran wata goma sha ɗaya. Ran da wata ƙungiya ta ƙetare ta zo, littafin sunaye da na lissafi za ta fara tambaya, garin da ya riga ya tanade su shi zai amfana. In ba ta zo ba kuwa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya raya abin da suka bari, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kuma ba mu ikon riƙe amana. Amin.