Yayyafi da Dashe a Ajin Turanci

Hanya biyu manomin shinkafa yake bi ya sa iri a ƙasa, kuma duk wanda ya tsaya a bakin fadamar Kalgo lokacin noman rani ya ga su duka. Wani yakan ɗebi iri a ƙwarya ya bi gona yana watsawa, shi ne yayyafi. Aikin ba ya cin rana, ba ya cin kuɗin 'yan ƙwadago, sai dai yana lashe iri. Tsuntsu ya tsinci nasa, ruwa ya kwashi nasa, abin da ya tsiro kuma ya fito cunkus a nan, fili a can, ciyawa ta shiga tsakani har mai cira ya rasa inda zai sa ƙafa. Wani kuwa yakan ware ɗan wuri kusa da ruwa ya reni irin kamar mako uku, sannan ya tuge, a shiga taɓo a duƙe ana dasa biyu-biyu ko uku-uku a jere. Ƙugu yana ciwo, aljihu yana jin jiki, amma kowane tushe yana samun sararin da zai yi 'ya'ya.

Sau da yawa irin da su biyun suka saya ɗaya ne. FARO 44 da ya cika gonakin Kebbi ba a nan aka haife shi ba, asalinsa daga gabashin Asiya ne, ya biyo ta hannun masu binciken hatsi na Badeggi a Jihar Neja. Babu manomin da ya ƙi shi don baƙo ne. Abin da ya raba girbin mutum biyun shi ne yadda kowa ya bi da irin bayan ya shigo hannunsa.

Haka nake kallon kayan koyar da Turanci da suka yi yawa a hannun malamanmu yanzu. A da, malamin Turanci a ƙauye littafi ɗaya gare shi, wataƙila tsohon Brighter Grammar da bangonsa ya yage, sai alli da allo. Yau wanda yake da wayar zamani da ɗan kuɗin data yana iya samun darasi shiryayye daga British Council ko daga sashen koyar da Turanci na BBC, da muryoyin Turawa suna hira, da hotuna, da tambayoyin gwaji har da amsoshinsu, mafi yawa kyauta. Ƙwararru ne suka tsara su, kuma ina ganin malamin da ya kawar da kai daga gare su ya cuci ɗalibansa. Iri ne mai kyau. Damuwata ita ce yawancinmu yayyafi muke yi da shi.

Ga yadda abin yake faruwa. Malami ya samo darasi a kan yanayin shekara, ya kwafe shi a allo yadda ya zo: lokaci huɗu na ƙasar Ingila, da dusar ƙanƙara, da ganyen itace da ke zuba, da rigar sanyi mai kauri. Yara su kwafa a littafi, su maimaita da ƙarfi, a buga ƙararrawa. Yaron da ke zaune a bencin baya ya san damina da kaka da hunturu da bazara sanin da marubucin darasin bai yi musu ba. Ya san ranar da gulbi ke cika ya shafe hanyar gona, ya san ƙurar da ke toshe hanci a watan Janairu. Ba a tambaye shi ko ɗaya ba. An ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, baƙon harshe da baƙuwar duniya, shi kuma ya ajiye duka biyun a ƙofar aji ya tafi gida.

Akwai kuma abin da ba a rubuta a jikin darasin ba, wato ajin da aka yi shi dominsa. Mai tsara shi yana hango manya goma sha biyu zaune a kewayen tebur, kowa da takardarsa da aka buga, da lasifika a bango, da wutar da ba ta ɗaukewa. Shi ya sa zai ce a raba ɗalibai biyu-biyu su tattauna, malami yana zagayawa yana saurare. A ajin da ya cika maƙil, yara huɗu a benci ɗaya wasu a ƙasa, malamin da ya bi wannan umarni yadda yake zai ji aji ya kaure da Hausa, kafin ya kai layi na uku lokaci ya ƙare. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa kayan Turawa ba sa aiki a nan, ya koma kwafe nahawu a allo har ƙarshen zango.

Wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu shi ne matsayin Turanci a wurin yaron Kalgo ko na Gwandu. A takarda, Turanci harshen hukuma ne a Najeriya, harshe na biyu ga kowa. Yaron Legas ko na Fatakwal yana jin sa ko ɗan'uwansa Burokan a mota, a kasuwa, a bakin maƙwabta. Namu yaron Hausa yake ji a gida, ko Fillanci, ko Zabarmanci, Larabci a makarantar allo da Islamiyya, labarai kuma a sashen Hausa na rediyo. Turancinsa duka na cikin minti arba'in na darasin aji ne. Harshen waje ne a gare shi, kamar yadda yake ga yaron Masar ko na Turkiyya. Amma jarrabawar WAEC da ta NECO ba su san da wannan ba, takarda ɗaya ce daga Badagry har Kamba. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana nan a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Yaro yana iya wuce ƙofarta kullum a kan keke, amma ba zai shiga ba sai da kiredit a Turanci, sai kuma ya ci Turancin JAMB.

Manufar gwamnati ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. A Nuwamban 2022 ministan ilimi Adamu Adamu ya sanar da cewa za a kai shi shekara shida. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya ce an soke, Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe. Kowace sanarwa a Abuja ake yin ta, wanda zai tsaya gaban yara ranar Litinin da safe kuwa mutum ɗaya ne, da abin da ya iya da abin da ke cikin jakarsa.

To, yaya dashe yake a aji? Malama ce ta samo darasin saye da sayarwa, wanda aka gina a kan kantin Landan da fam da kati na banki. Daren da ya gabata ta zauna da shi ta tsince abin da take so: jimla huɗu kacal, ta tambayar farashi, ta faɗin farashi, ta neman ragi, ta sallamawa. Sauran ta bar shi. Da safe ta zo da albasar Aliero guda uku, da mudun shinkafa, da busasshen kifi a leda, ta jera a kan tebur. Ta kira yarinya ɗaya ta zama mai kaya, yaro ɗaya ya zama mai saye, ta bar su suka yi cinikin da Hausa tukuna, aji yana dariya saboda yarinyar ta ƙi ragi ko sisi. Sannan ta ce, "To, yanzu baƙo ne ya zo daga Inugu, ba ya jin Hausa, kuma ba ma so cinikin ya wuce mu. Hadiza, me za ki ce masa?" Yarinyar ta yi shiru, ta ce, "Malama, ban san ta Turanci ba." Sai a lokacin aka rubuta jimlar farko a allo. Layin dama suka zama masu kaya, layin hagu masu saye, suna faɗa tare, sannan benci-benci, sannan ɗaya-ɗaya. Kafin a tashi, jimla huɗun nan sun zauna a bakin yara da yawa, kuma za ka ji su a hanyar gida suna tsokanar juna da su.

Furuci shi ne wurin da sanin ƙasa ya fi amfani. Littattafan da aka rubuta kan matsalar Bahaushe da Turanci sukan ce yana haɗa sautin p da na f, kuma gaskiya ne. Amma Hausar Kebbi da Sakkwato tana da nata hali. Inda Bakano zai ce fara, namu yaron hwara yake cewa, inda aka ce fita ya ce hita. Ke nan shi sautin f ɗin ma sai an koya masa daga farko, an nuna masa haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, kafin a zo maganar raba shi da p. Wata tsohuwar dabara ita ce a riƙe ɗan yankin takarda a gaban baki: in an furta p daidai takardar takan yi tsalle, in f ne sai ta ɗan karkata a hankali. Babu mai tsara darasi a Ingila da zai san ya kamata a fara daga nan, mai tsarawa a Kano ma yana iya mantawa. Malamin da ya tashi a Gwandu ya sani, don shi ma ta nan ya biyo.

A nan ne kuma muryoyin da ake samu a waya suke da daraja ƙwarai. Sashen furuci na jarrabawar WAEC a takarda ake amsa shi, ɗalibi yana zaɓen amsa tsakanin kalmomin da wataƙila bai taɓa jin an faɗe su ba. Yara da yawa haddar alamomin sauti suke yi kamar lissafi. Malami da ƙaramar lasifika mai caji, wanda ya zaɓi hira ta minti ɗaya ya kunna ta sau da yawa, yana tsayarwa yana tambaya, ya ba su abin da allo ba zai taɓa ba su ba. Minti ɗaya da aka tauna ya fi rabin sa'a da aka kunna aka bar yara suna kallon silin.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke garin Gwandu, Bafillace ne da ya koyi Larabci a nan ƙasar Hausa har ya wallafa littattafai a nahawunsa da sarafinsa, irin su Al-Bahrul Muhiɗ da Al-Hisnur Rasin. Bayan ya rubuta babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, ya sake rubuta wani taƙaitacce, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, saboda ɗaliban ƙasarsa da babban ya yi wa nauyi. Malami ne da ya dubi waɗanda ke gabansa ya yanka musu daidai cikinsu. Har gobe a zaurukan karatu haka ake yi: malam ya karanta gaɓar Larabci, ya fassara da Hausa, ɗalibi ya maimaita, ba a wuce wuri sai ya zauna. Da wannan hanya aka samu mutanen da ke rubuta Larabci tsantsa ba su taɓa taka Masar ba. Ban ga dalilin da zai sa malamin Turanci ya ji kunyar jingina da Hausa a inda ta zama tsani ba, muddin yana janye ta sannu a hankali.

Sai dai dashe yana da tsada, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa malami shi kaɗai. Wanda yake da azuzuwa biyar, da tarin littattafan dubawa, da gonarsa da zai leƙa da yamma don albashi ba ya kai wata, ba kullum zai sami daren da zai zauna ya tsince darasi ba. Data ma da kuɗinsa yake saye. Abin da zai rage nauyin shi ne kada kowa ya yi ta maimaita aikin da wani ya riga ya yi. In malaman Turanci na makarantun Kalgo, ko na Gwandu, za su riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a wata, kowa ya zo da darasi ɗaya da ya gyara ya gwada a ajinsa, ya faɗi inda ya ci da inda ya faɗi, kafin shekara ta zagayo suna da tarin darussa da suka dace da yaransu. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma yana iya ba su aji ɗaya da kuɗin mota, ba sai an jira wata ƙungiya daga waje ba.

Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, inda malamanmu da yawa suke fitowa, tana da nata rabon. Ɗalibin da za a tura koyon aikin koyarwa ya kamata a miƙa masa darasin da aka tsara don wata ƙasa, a ce ya mayar da shi na aji mai yara da yawa, babu wuta, babu takardar rabawa, kuma a ba shi maki a kan wannan. Masu nazarin harshe a jami'ar da ke Kalgo kuma suna da makarantun firamare da na sakandare a kewayensu, tafiyar mintuna kaɗan. Su shiga su saurari yadda yaran Kebbi suke furta Turanci, su rubuta ɗan littafin furuci da aka gina a kan Hausar nan, a buga shi da araha a raba wa malamai.