Ciwon Katara: Sau da Yawa Laifin Jijiya Ne, Ba Ƙashi Ba

Tsakar dare ake gane wannan ciwo. Mace ta wuni a tsaye a kasuwar Shuwarin, ko tana fama da jika a ƙugu, da ta kwanta kan tabarma ta gefen da ke ciwo sai zafi ya tashe ta. Ta juya ɗaya gefen, nan ma ƙafar da ke sama ta ja wurin. Da safe hawa acaɓa ya zame mata aiki. In ka ce ta nuna inda ke ciwo, sai ta ɗora yatsa ɗaya kan ƙashin nan da ya turo a katara.

A gida sunansa sanyin ƙashi. Daga nan sai ƙahon wanzami, sai ƙwayoyin kemis da ake haɗawa a leda, waɗanda yawan shan su ke jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Alhali sau da yawa ƙashin lafiyarsa lau. Jijiyoyin da suka ɗaure tsokar ɗuwawu da wannan ƙashi su ne suka gaji, kamar igiyar guga da ta daɗe tana goga bakin rijiya. Ciwon ya fi kama mata masu shekara 40 zuwa 60.

Maganin farko ba ya buƙatar wuƙa. A daina harɗe ƙafa, a daina tsayuwa a jingine kan ƙafa ɗaya, a sa matashi tsakanin gwiwoyi wajen kwanciya, sannan ma'aikatan gashin ƙashi su koya wa mutum motsa jikin da ke ƙarfafa tsokar. Wani bincike da aka yi a Ostareliya kan mutum 204, wanda mujallar BMJ ta buga a 2018, ya nuna cewa bayan mako takwas kashi 77 cikin 100 na waɗanda suka bi wannan hanya sun samu sauƙi. Cikin waɗanda aka yi wa allurar sitiroyid kashi 58 ne, waɗanda suka zauna jira kuwa 29.

To wanda ya yi wata shida yana wannan bai ga canji ba fa? A da sau da yawa sai tiyata. Yanzu akwai aikin da ake yi ta ƙofar allura. Likita zai kashe wurin, ya ɗora na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, yana kallon jijiyar a allo. Sai ya huda ɓangaren da ya lalace sau da dama, domin jini ya kwararo jiki ya soma gyara. Wasu kan ɗebi jinin mutum, su tace, su mayar masa a wurin. Akwai kuma na'urar Tenex ta Amurka, mai allura da ke girgiza da sauri tana farfasa mataccen nama tana tsotse shi. Hudar ba ta kai faɗin farce ba, kuma a ranar ake komawa gida. Sai dai sauƙin kan ɗauki makonni, motsa jikin nan kuma yana nan daram bayan aikin. Jijiyar da ta tsinke gaba ɗaya ɗinki take buƙata.

A kula: zafin da ke matsematsi, musamman ga mai sikila, yana iya zama kan ƙashin cinya ne ke mutuwa. Haka zazzaɓi ko kasa taka ƙafa bayan faɗuwa, duk ba na jira ba ne.

Mutumin Dutse, Kiyawa ko Jahun ya fara da Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, in ta kama a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ya je da ledar ƙwayoyin da ya sha, ya kuma nuna wa likita wurin da yatsa ɗaya.