Kafin ka biya, taɓa injin yana sanyi

Yawancin motocin da ke zirga-zirga tsakanin Madarunfa da Maraɗi da Ɗan Isa sun ci zamaninsu a Turai kafin su sauka a tashar Kwatano ko ta Lome. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023 hanya ta yi nisa, kuɗin kawo mota ya ƙaru, kuma mai saye da kuɗin gero ko na shanunsa ba shi da damar yin kuskure sau biyu. Amma har yanzu abin da ke jan idon mutane shi ne fenti da lambar kilomita, alhali fenti na kwana biyu ne, lambar kuma ana iya mayar da ita baya. Abin da ya fi wuyar ɓoyewa shi ne halin inji idan ya kwana bai tashi ba.

Saboda haka ka ce wa dillali da sassafe za ka zo, kuma kada a tayar da motar. Da isarka ɗora tafin hannunka a kan injin. In ka ji ɗumi, an riga ka, domin inji mai zafi yana tashi da sauƙi, ƙarar ƙarafunan da suka cinye kuma tana lafawa. Zaro sandar gwada baƙin mai, ka murza man tsakanin yatsu biyu. Baƙi ba laifi ba ne, musamman a injin gas. Abin tsoro shi ne ka ji tsakuwa-tsakuwa ko ka ga ƙyallin ƙarfe. Kwance murfin da ake zuba mai ka duba cikinsa: kumfa mai kama da madara tana iya nuna ruwa na shiga mai, wato gasket ɗin kan inji ya ƙone. A yankin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, wannan cuta ba ta da wuyar samu. Ka kuma buɗe matatar iska ka shafa bututun da ke bayanta. In yatsanka ya fito da ƙura, to ƙurar hunturu ta daɗe tana shiga tana cin fistin.

Sai a tayar. Tsaya bayan motar ka kalli salansa: hayaƙi shuɗi mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne. Koma gaba ka sassauta murfin man, ka bar shi zaune a bakinsa. In yana tsalle, iska da hayaƙi na tunkuɗo shi, zobban fistin sun gaji. Murfin lagireto kuwa ba a taɓa shi sai inji na sanyi, don ruwansa na sale fata.

Wasu za su ce ai yanzu akwai na'urar da ake jonawa ta faɗi komai. Gaskiya ne, motocin fetur na Turai daga 2001 suna da wurin jona ta, kuma tana da amfani. Sai dai abin da kwamfutar mota ta rubuta kawai take karantawa, ana kuma iya goge shi cikin minti ɗaya. Ba ta jin tsakuwa a mai. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne mai sayarwa na iya zuba sabon mai mai kauri ya wanke inji tas. Haka ne, ba komai hannu ke ganowa ba, shi ya sa inji mai tsabta fiye da shekarunsa ya kamata ya ƙara maka shakka. Maganinsa a tuƙa motar daga Madarunfa zuwa Maraɗi, a sake duba yoyo da hayaƙi, sannan bakanikenka, ba na dillali ba, ya kwance fulogogi ya auna matsin kowace silinda kafin a fara maganar kuɗi.